Dakon Gaggawa a Amurka: Daga Ina Sakacin Mai Mota Yake Farawa?

Dakon gaggawa, wanda Amurkawa ke kira hot shot, sana'a ce ta ɗaukar kayan da bai isa ya cika babbar tirela ba, kuma mai shi ba zai iya jira a haɗa shi da na wasu ba. Ana yin ta da babbar a-kori-kura mai shan dizal, tana jan doguwar tirela marar rufi. Galibi ana danganta asalinta da filayen haƙar mai na jihar Texas a shekarun 1970, inda lalacewar ƙarfe guda kan tsayar da aikin rijiya gaba ɗaya, a yi ta tafka asara har sai an kawo madadinsa. Har yau yankin Midland da Odessa na cikin wuraren da ta fi ƙarfi, sai dai kayan sun wuce bututu da famfo, sun haɗa da injinan noma da katako da janareto da ƙananan motocin gini. Da yawa daga masu yin ta mutum ɗaya ne da motarsa ɗaya: shi ne mai kamfani, shi ne direba, shi ne akawu, idan ta kama kuma shi ne bakanike.

Abin da ke jan mutane shi ne sauƙin shiga. Dokar sufurin motoci ta 1980, wadda Shugaba Jimmy Carter ya sa wa hannu, ta sassauta sharuɗɗan samun izinin dako tsakanin jihohi, kuma kuɗin a-kori-kura da tirelarta bai kai na sabuwar babbar mota ba. A 2020 da 2021, da kuɗin dako ya yi tashin gwauron zabi, dubban mutane suka yi rajistar sababbin kamfanoni. Daga 2022 farashin ya karye, da yawa suka sayar da motocin suka kama gabansu. Cikin masu tuƙin dako a ƙasar akwai Musulmi baƙi masu yawa, musamman 'yan asalin Somaliya mazauna jihohin Minnesota da Ohio, don haka maganar halal da haram a wannan fage ta shafi abincin iyalai na gaske.

Motar kan kasance irin su Ram 3500, Ford F-350 ko F-450, ko Chevrolet Silverado 3500, galibi mai taya huɗu a baya. Tirelar da aka fi so ita ce mai tsawon ƙafa 40, wadda wuyanta ke lanƙwasowa ya sauka a cikin bayan motar, daidai saman tayoyin baya, domin hakan ya fi raba nauyi daidai a kan ɗaura ta a gindin mota. Kamfanin da ya ƙera kowace ɗaya yana manna mata alama mai nuna iyakar nauyin da za ta kai, har da nauyin jikinta. Sai sarƙoƙi da igiyoyin ɗaure kaya da tampol. Ƙa'idar tarayya ta ce jimlar ƙarfin abin da aka ɗaure kaya da shi kada ta gaza rabin nauyin kayan, kuma direba ya tsaya ya duba ɗaurin cikin mil 50 na farko, daga nan kuma duk bayan awa 3 ko mil 150.

A zahiri zaɓen waɗannan kayan aiki lissafin kasuwa ne, irin wanda ake yi da biro a bayan takarda. Amma a ƙarƙashin lissafin akwai tambayar da malaman fiƙihu da masana falsafa suka daɗe suna juyawa. Idan kayan wani ya lalace a hanya, ko rai ya salwanta, yaushe laifin mai motar ya soma: a daren da abin ya faru, ko tun ranar da ya sa hannu ya sayi motar? Kuma mutum yana da damar fakewa da larurar da shi ya jefa kansa cikinta?

Fiƙihu ya fara da tantance matsayin kayan da ke hannun mai dako. Ko dai amana ne, wanda ba a biya sai an yi ta'adi ko sakaci, ko kuma abin lamuni ne, wanda ake biya ko da yaya ya salwanta. Imam Abu Hanifa ya ɗauki hannun ma'aikacin da ke yi wa jama'a aiki don lada a matsayin hannun amana. Manyan almajiransa biyu, Abu Yusuf da Muhammad al-Shaibani, suka saɓa masa, suka ce ya biya, sai dai in abin da ya fi ƙarfin kowa ne ya afka, kamar babbar gobara ko farmakin mahara. Malikiyya suka bi wata hanya mai rassa. Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wadda ɗaliban zaure a ƙasar Hausa suka sani sarai, ta ɗora lamuni a kan masu sana'ar hannu game da abin da suka keɓe da shi, amma ta ɗauke shi daga kan mai jirgin ruwa, tare da cewa ba shi da kuɗin dako sai ya isar da kaya. A mazhabar, mai dako amintacce ne a kan yawancin kaya, ban da abinci, wanda aka ce ya biya in ba shi da shaidar yadda ya salwanta, saboda abinci abu ne da hannu ke saurin kaiwa gare shi. Dalilin wannan togaciya maslahar jama'a ne, kuma al-Shaɗibi ya kawo lamunin masu sana'a cikin misalan hukuncin da aka gina a kan maslaha.

Dokar Amurka ta fi kusa da ra'ayin almajiran Abu Hanifa. Gyaran dokar da ake kira Carmack, na 1906, wanda aka faɗaɗa zuwa motoci a 1935, ya ɗora wa mai dakon tsakanin jihohi biyan ainihin asarar kaya, sai in ya tabbatar da ɗaya daga uzurori biyar: bala'i daga Allah, aikin maƙiyin ƙasa, laifin mai kayan, umarnin hukuma, ko wata illa da ke jikin kayan tun asali. A 1964 Kotun Ƙoli ta ƙara ɗaure igiyar a shari'ar da aka yi tsakanin kamfanin jirgin ƙasa na Missouri Pacific da kamfanin Elmore da Stahl, kan wasu 'ya'yan itace dangin kankana da aka ɗauko daga Texas suka isa Chicago a lalace. Kotun ta ce uzuri kaɗai bai isa ba, dole mai dako ya nuna kuma cewa shi bai yi sakaci ba. Duk inda aka juya, a wajen Malikiyya ko Abu Hanifa da almajiransa ko dokar Amurka, an haɗu a wuri guda: mai sakaci yana biya. Saɓanin yana kan wanda bai yi sakaci ba, da kuma wanda nauyin kawo hujja ke kansa.

To mene ne sakaci a wannan sana'a? Mafi bayyana shi ne lodin da ya wuce kima, kuma tsohon laifi ne. Al-Mawardi, wanda ya rasu a 1058, ya lissafa cikin ayyukan mai hisba hana masu jiragen ruwa ɗaukar abin da jirgi ba zai iya ba, don gudun nutsewa, da hana masu dabbobi ɗora musu aikin da ya fi ƙarfinsu. Abin lura shi ne mai hisba yana hanawa ne tun jirgi na bakin gaɓa, ba ya jira sai ya kife. Ma'ana, shari'a na kallon shirin da ba daidai ba a matsayin abin tuhuma ko da tafiyar ta ƙare lafiya. Tashoshin awon nauyi da ke gefen manyan titunan Amurka aiki iri ɗaya suke yi.

A dakon gaggawa, batun nauyi ya rataya ne a kan lamba ɗaya, laba 26,001, kimanin kilo 11,800. Idan nauyin da aka ƙayyade wa mota da tirela a haɗe ya kai nan, kuma tirelar ta haura laba 10,000, sai direba ya mallaki lasin tuƙin manyan motocin kasuwanci, wanda ke tafe da horo da jarrabawa da gwajin ƙwaya da barasa. Masu son kauce wa wannan sukan tsaya ƙasa da layin. Amma lissafin ba ya da daɗi. Motar da tirelar mai ƙafa 40, ko babu komai a kansu, sun riga sun cinye fiye da rabin adadin, abin da ya rage wa kaya ba ya cika wuce laba 10,000. Mutum sai ya wayi gari da tirela mai faɗi da tsawo, wadda idonsa ke gaya masa za ta ɗauki ninkin haka, ga dillali a waya yana tayin kaya mai tsoka wanda ya ɗara iyakar da kaɗan. Wanda ya sayi wannan haɗi ya sayi jarabawar da zai riƙa fuskanta kowane mako.

Akwai kuma dabarar da wasu ke yi, ta neman kamfanin tirela ya rubuta mata iyakar da ta gaza ainihin ƙarfinta, don jimlar ta tsaya a 26,000. Doka ba ta hana ba. A ma'aunin fiƙihu wannan ya faɗa babin hila, inda aka san Hanafiyya da sassauci a wasu nau'o'inta, Malikiyya kuwa da toshe kafar da ke kai wa ga ɓarna. Hukuncin da ya fi dacewa ya danganta ne da abin da ya biyo baya. Wanda ya rage lambar kuma ya tsare ta a kowane lodi bai yi wa kowa zamba ba, hasali ma tirelarsa na tafiya da ragowar ƙarfi. Wanda ya rage ta a takarda don ya tsere wa lasin, alhali niyyarsa ya yi lodi gwargwadon ƙarfin ƙarfen, ya mai da alamar ƙarya, kuma ya hau titi da nauyin da aka ce sai mai horo ke ja. Ita ma dokar ba ta bar masa mafaka ba, domin tana duba nauyin da sikeli ya nuna, ba abin da aka rubuta kaɗai ba.

Bayan nauyi sai barci. Duk mai dakon kasuwanci tsakanin jihohi da motarsa ta haura laba 10,000, ko yana da babban lasin ko babu, ƙa'idar awoyin aiki ta hau kansa: tuƙin awa 11 a cikin awa 14, bayan hutun awa 10 a jere. Tun Disamba 2017 na'ura ce ke rubuta awoyin a yawancin motoci, maimakon littafin da direba ke cikewa da hannu. A-kori-kura ba ta zuwa da makwanci irin na babbar mota, don haka hutun ko dai a masauki ne mai cin riba, ko a kujerar baya mai cin lafiya. Ga shi kuma birkinta da giyarta da tayoyinta suna saurin gajiya idan kullum tana jan iyakar abin da za ta iya. Waɗannan duka an san su tun kafin a sayi motar.

Abin da ke mai da su haɗari shi ne bashi. Mafi yawan masu farawa ba su da kuɗin saye hannu da hannu, sai su ba da kafin alƙalami su ɗauki ragowar da kuɗin ruwa, ana biya wata-wata. Haramcin kuɗin ruwa a ƙarshen Suratul Baƙara ba abin jayayya ba ne, kuma akwai mafita ta ijara da murabaha, waɗanda hukumar kula da bankunan tarayya ta Amurka ta amince da su a wasiƙunta na 1997 da 1999. Sai dai akwai abin da ake yawan mantawa. Tsarkin yarjejeniya ba ya rage yawan abin da za a biya a ƙarshen wata. Mutumin da ya karɓi sabuwar mota mai tsada ta hanyar murabaha ya tsira daga kuɗin ruwa, amma bai tsira daga matsin da zai sa shi karɓar lodin da bai kamata ba. Dillalai kuma sukan ɗauki kusan kwana 30 kafin su biya, shi ya sa ƙananan masu dako ke sayar da takardun bashinsu a kan ragi don samun kuɗin mai, cinikin da Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta hana irinsa a 1992. Tsarin da ya fi dacewa da sana'a mai hawa da sauka irin wannan shi ne haɗin gwiwa, inda mai jari ke cin riba idan an samu, ya ɗauki rabonsa na asara idan an faɗi, ko kuma a fara da tsohuwar mota mai lafiya wadda bashinta bai kai ya hana barci ba.

A nan ne tambayar larura ke shigowa. Direban da ranar biya ta matso, asusunsa babu komai, yakan ce ba shi da zaɓi. Aristotle, a littafi na uku na aikinsa kan ɗabi'a, ya tattauna irin wannan da misalin da ya fito daga dako: matuƙan da guguwa ta tilasta wa zubar da kaya a teku don su tsira. Ya ce aikin gauraye ne, akwai tilas a cikinsa, amma ya fi kusa da na ganin dama, tunda a lokacin mutum ne ya zaɓa. Ya ƙara da cewa wanda ya jawo wa kansa halin da ya rasa iko, kamar mashayi, ko majinyacin da ya ƙi bin maganar likita tun farko, ana kama shi da laifi saboda mafarin abin yana hannunsa. Bambancin direban da matuƙan teku a fili yake. Guguwa ba su suka kira ta ba, shi kuwa adadin da zai biya kowane wata shi ya amince da shi, a lokacin da kowa ya san kuɗin dako na hawa yana sauka. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Malaman usulu suna da mas'alar da ta fi wannan zurfi. Mutum ne ya kutsa tsakiyar gonar da ba tasa ba bisa zalunci, sai ya yi nadama yana tsakiya. In ya tsaya yana cikin haƙƙin wani, in ya taka don fita ma haƙƙin wani yake takawa. Abu Hashim al-Jubba'i ya ce mai saɓo ne ta kowace fuska. Jumhur suka ce fita wajibi ce a kansa, kuma ba a kama shi da laifin takun fita. Imam al-Juwaini, wanda ya rasu a 1085, ya tsaya a tsakiya: umarnin da ke kansa yanzu shi ne ya fita, amma hukuncin saɓon da ya jawo yana biye da shi har ya fice. Ba a cewa sayen mota da bashin halal ƙwace ne, don haka kwatancin yana da iyaka. Amma darasin mas'alar ya dace: wanda ya tsinci kansa cikin matsin da ya gina da hannunsa, abin da ke kansa shi ne ya nemi hanyar fita mafi kusa, ba ya zauna yana kiran wurin larura ba. A wannan sana'a hanyar fita na iya zama sayar da motar a kan asara, ko komawa aiki ƙarƙashin izinin wani babban kamfani, ko zama ya yi jarrabawar babban lasin. Akwai kuma ƙa'idar da Majalla, kundin dokokin Daular Usmaniyya ta Turkiyya, ta sanya cikin ƙa'idojinta na farko, cewa matsuwa ba ta soke haƙƙin wani. Ko larurar ta gaskiya ce, mai kaya da sauran masu bin titi ba su suka ci bashin ba.

Ana iya cewa wannan hukunci ya yi wa talaka tsauri, domin mai hali ne kaɗai ke iya sayen mota mafi ƙarfi da kuɗi hannu, ya kuma ƙi lodin da bai gamshe shi ba. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma tana rage zargi a kan wanda ya yi lissafinsa da kyau sannan kasuwa ta rushe fiye da yadda mai hankali zai zata, ko rashin lafiya ta kwantar da shi. Tana kuma tuna cewa laifin ba na mutum ɗaya ba ne. Mai kayan da ya faɗi nauyin ƙarya, da dillalin da ya sa lokacin isarwa wanda ba zai yiwu ba sai an keta awoyin hutu, suna da kasonsu, kuma ƙa'idar tarayya ta hana tilasta wa direba karya dokokin tsaro tun 2016. Abin da maganar ba ta yi ba shi ne wanke wanda ya gina lissafinsa a kan farashin shekarar da ta fi kowace albarka. Tawakkali ma ba ya wanke shi, tunda hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya sa ɗaure raƙumi a gaba da dogaro ga Allah.

Saura inshora. Dokar tarayya ta wajabta wa mai dakon kaya na yau da kullum inshorar aƙalla dala 750,000 don cutar da zai iya yi wa wasu, dillalai kuma galibi ba sa ba da kaya sai ta kai miliyan ɗaya, da wata daban ta kayan. Majalisar Fiƙihu ta hana inshorar kasuwanci a 1985 ta halatta ta taimakekeniya, irin wadda aka fara a Sudan a 1979, yayin da Shaihu Mustafa al-Zarƙa ya tsaya a kan halaccin ta kasuwancin. Malamai da yawa sun yi rangwame a inda hukuma ta tilasta kuma babu madadi. Wannan larura ce ta gaskiya, domin ba direban ya ƙirƙire ta ba. Amma inshora aljihu take karewa. A taronta na 1993 a Brunei, majalisar ta yanke cewa bin dokokin hanya da ba su saɓa wa shari'a ba wajibi ne na addini, kuma direba na ɗauke da alhakin cutar da motarsa ta jawo, sai in ƙarfin da ba zai iya kaucewa ba ne sanadi, ko laifin wanda abin ya shafa, ko na wani daban. Birkin da ya kasa tsayar da nauyin da ya fi ƙarfinsa ba ya cikin waɗannan uzurori, haka ma gyangyaɗin wanda ya keta awoyin hutu. Idan rai ya salwanta ta wannan hanya, kamfanin inshora na iya biyan abin da zai tsaya a madadin diyya, amma kaffarar kisan kuskure da Suratun Nisa'i ta ambata, wadda a yau ta koma azumin wata biyu a jere, tana kan direban shi kaɗai.